Kukan Kurciya Jawabi Ne: Matsayin Mai Shiru-Shiru a Wuraren Aiki na Zamani

Gabatarwa

Hausawa suna da wasu karin magana guda biyu da suke zaune kamar kishiyoyi a gida ɗaya. Ta farko ta ce magana jari ce, ta biyu kuma ta ce magana zarar bunu ce. Ɗaya tana zuga mutum ya buɗe baki ya nemi rabonsa, ɗayar tana jan kunnensa ya auna kafin ya furta, domin abin da ya fita ba ya komawa. Magabatanmu sun riƙe su duka biyu, kowace da ranar girkinta. Amma duk wanda ya lura da yadda ake ɗaukar ma'aikata da yadda ake yi musu ƙarin girma a ofisoshi da kamfanonin zamani zai ga an mayar da ta farko mowa, an bar ta biyu bora. Wanda ake yawan jin muryarsa shi ake kira haziƙi, wanda kuwa ya sunkuya a kan aikinsa sai a ce ba shi da kuzari.

Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, mudun da ake auna ma'aikaci da shi a yau tauyayye ne, domin yana auna yawan magana a madadin ingancin aiki, kuma gyaransa ya fi rataya a wuyan masu tsara aiki. Batun ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗaliban harshe. Nan da 'yan shekaru da yawanmu za mu gama hidimar ƙasa mu zauna gaban masu intabiyu, kuma a cikinmu akwai waɗanda in an ba su alƙalami sai an ce su dakata, amma in an miƙa musu lasifika sai gumi ya karyo musu.

Wane Ne Mai Shiru-Shiru?

A shekarar 1921 ne masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya fitar da littafin da ya yayata rabon mutane gida biyu: waɗanda hankalinsu ya fi karkata ciki, wato ga tunaninsu, da waɗanda nasu ya fi karkata waje, ga mutane da abin da ke kewaye da su. A nan zan kira na farko mai shiru-shiru, na biyu kuma mai faran-faran. Jung da kansa ya yi gargaɗin cewa babu mutumin da yake tsantsar ɗaya daga cikin biyun, kowa yana wani wuri ne a tsakani. Daga baya, a 1967, Hans Eysenck da ya yi aikinsa a Landan ya kawo ra'ayin cewa bambancin yana da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwa take karɓar motsi da hayaniya: ta mai shiru-shiru kaɗan ya ishe ta, ta mai faran-faran kuwa sai an ƙara mata take jin daidai. Ko ba a shiga zurfin wannan nazari ba, kowa ya san mutumin da in ya dawo daga biki yake neman ɗaki ya rufe ya huta, da kuma wanda a lokacin ne ma ya fara jin ƙarfi yana tambayar ina aka nufa kuma.

Ya kamata a rarrabe wannan hali da makusantansa. Mai jin nauyin mutane yana son ya yi magana, tsoro ne yake riƙe masa harshe. Miskili yana iya magana, ya ga dama ne ya ƙi. Mai zurfin ciki damuwarsa yake ɓoyewa. Shi kuwa mai shiru-shiru yana iya tsayawa gaban aji ya koyar na awa biyu lafiya lau, sai dai bayan nan yana buƙatar kaɗaici, kuma ya fi son ya gama tunani kafin ya ce uffan.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. Hausa ta yi wa ɓangarorin biyu adalci. Ta ba mai ƙarancin magana kalmomin yabo, kamar natsuwa da kawaici da kamun kai, ta kuma tanadar masa na zargi, kamar miskilanci da nuƙu-nuƙu. Haka nan ta ba mai yawan magana fara'a da haba-haba da sakin fuska, sannan ta ajiye masa surutu da ɓaɓatu da rawar kai. Ofishin zamani rabin ƙamus ɗin ya ɗauka: ya zaɓo wa mai faran-faran kalmomin yabo kaɗai, ya bar wa mai shiru-shiru na zargi kaɗai.

Daga Ina Mudun Ya Fito?

Wannan fifiko yana da tarihi, kuma a Amurka tarihin ya fi fitowa fili. Masanin tarihi Warren Susman ya nazarci littattafan nasiha na ƙasar, ya lura cewa na ƙarni na 19 sun fi ambaton sauke nauyi da aiki da mutunci da kyakkyawan suna, amma daga farkon ƙarni na 20 sai kalmomin suka koma na kwarjini da jan hankali da iya burge mutane. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutane sun bar ƙauyuka inda kowa ya san gidan su kowa, sun koma birane suna aiki a manyan kamfanoni tare da baƙi. A ƙauye ana shekara ashirin ana karanta halinka, a birni kuwa cikin minti biyar za a yanke maka hukunci. Wanda ya iya sayar da kansa cikin waɗannan mintoci shi ya ci kasuwa.

A wannan yanayi ne Dale Carnegie ya fara koyar da iya jawabi a birnin New York a 1912, kuma a 1936 ya fitar da littafinsa kan yadda ake samun abokai da jan ra'ayin mutane, wanda aka sayar da miliyoyin kwafinsa. Ɗan talla ya zama abin koyi ga kowane ma'aikaci. A 2012 wata tsohuwar lauya, Susan Cain, ta rubuta littafi mai suna Quiet tana ƙalubalantar wannan tsari. Hujjarta ita ce, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin Amurkawa masu shiru-shiru ne, amma an gina makarantu da ofisoshi kamar babu su.

Tsarin ya bi makarantun koyon kasuwanci da littattafan gudanarwa da rassan manyan kamfanoni ya yaɗu a duniya, har ya iso mana. Muna ganinsa a tallan guraben aiki da suke neman matashi mai kuzari mai iya hulɗa da jama'a, ko da aikin na tace rubutu ne ko na lissafi. Muna ganinsa a bankunanmu, inda ake yanka wa ma'aikaci adadin kuɗin ajiyar da zai nemo, sannan a auna shi da wannan adadi fiye da komai.

Wurare Huɗu da Ake Tauye Mudun

Na farko shi ne intabiyu. Cikin 'yan mintoci ana son mutum ya yi saurin amsa, ya yabi kansa, ya burge mutanen da bai taɓa gani ba. Idan ya ɗan dakata yana auna amsarsa, sai a rubuta cewa bai sani ba ko ba shi da ƙarfin gwiwa. Alhali kuwa idan aikin na fassara ne, alal misali, wannan dakatawar ita ce sana'ar. Mai fassarar da ba ya tsayawa a kan kalma ya juya ta shi ne wanda zai ɓata takardar yarjejeniya ko umarnin shan magani.

Na biyu shi ne taro, kuma a nan bincike yana da abin faɗa. A 2002 Timothy Judge da abokan aikinsa sun tattara sakamakon nazarce-nazarce masu yawa kan hali da shugabanci, suka ga faran-faran ya fi alaƙa da a ɗauki mutum a matsayin jagora fiye da alaƙarsa da iya jagorancin. A 2020 Neil MacLaren da abokan bincikensa a Amurka sun sa ƙananan ƙungiyoyin ɗalibai aikin haɗin gwiwa, sannan suka tambaye su wa ya zama jagoransu. Tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana magana shi ne babban abin da ya nuna wa za a zaɓa, ko bayan an yi la'akari da kaifin basirarsa. Ni kaina na sha ganin haka a tarukanmu na ɗalibai: wani ya faɗi shawara a hankali sau ɗaya a wuce ta, can wani ya maimaita ta da babbar murya sai a tafa masa.

Akwai kuma irin taron nan na kowa ya zubo shawarar da ta zo masa, wanda wani jigon kamfanin talla, Alex Osborn, ya yayata a littattafansa na 1948 da 1953. Masu bincike a Jami'ar Yale sun gwada shi a 1958. Sun sa wasu ɗalibai tunani a rukunin mutum huɗu-huɗu, wasu kuma kowa shi kaɗai, daga baya aka haɗa nasu. Masu aiki su kaɗai sun kawo kusan ninki biyu na shawarwarin da rukunonin suka kawo. A 1987 Michael Diehl da Wolfgang Stroebe a Jamus suka gano babban dalilin: a taro mutum ɗaya ne yake magana a lokaci guda, sauran suna jiran layi, kuma kafin layin ya zo wani ya manta tasa, wani ya fasa. Ke nan hasarar ta kowa ce, sai dai ta fi faɗa wa wanda ba ya iya katse mutane.

Na uku shi ne fasalin ofis ɗin kansa. Kamfanoni da yawa sun rushe bangaye sun zuba ma'aikata a falo guda, da sunan a ƙara cuɗanya. Ethan Bernstein da Stephen Turban na Jami'ar Harvard sun bibiyi ma'aikatan wasu manyan kamfanoni biyu kafin rushe bangayen da bayansa, ta hanyar rataya musu na'urar da take ƙidaya hulɗarsu. A sakamakon da suka fitar a 2018, magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, saƙonnin imel kuwa suka ƙaru. Da aka hana mutane bangon bulo, sai suka gina na shiru.

Na huɗu shi ne ƙarin girma. Shugaba ɗan Adam ne, wanda ya gani kuma ya ji shi yake tunawa ranar cike takardar auna ƙwazo. Aikin mai shiru-shiru kuwa sau da yawa irin wanda ba ya barin sawu ne. Kuskuren da aka kama kafin jarida ta tafi maɗaba'a babu wanda zai san an taɓa yin sa. Lissafin da ya daidaita ba ya jawo taro. Sai ranar da mutumin ya gaji ya ajiye aiki ake fara tambayar me ya sa abubuwa suke ta lalacewa.

Wani zai ce, to ai a fagen talla dai mai faran-faran ba shi da na biyu. Ko a nan ma akwai magana. A 2013 Adam Grant na Jami'ar Pennsylvania ya nazarci ma'aikata 340 masu tallata haja ta wayar tarho na tsawon wata uku. Waɗanda suka fi kawo kuɗi su ne na tsakiya, masu iya magana kuma masu iya saurare. Waɗanda suka kai ƙarshe a faran-faran sun gaza su, domin mai saye ma yana son a ji ta bakinsa.

Tsaka Mai Wuya a Wurinmu

Ga wanda ya tashi cikin tarbiyyar Hausa, lamarin yana da ƙarin ƙulli. A laccarsa da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirkii, Anthony Kirk-Greene ya jero siffofi goma da Hausawa suke auna mutumin kirki da su, cikinsu akwai haƙuri da hankali da kunya da ladabi. Duk huɗun nan suna koya wa yaro riƙe harshe ne: kada ka katse babba, kada ka zuba masa ido, kada ka yabi kanka. Sai yaron ya girma ya je intabiyu a ce masa ya kalli mutane cikin ido ya faɗi dalilin da ya sa ya fi sauran. A taro kuma, in ya yi shiru a ce ba ya ba da gudummawa, in ya gyara wa oga magana a gaban jama'a a ce ba shi da kunya. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, domin saurin da za a yi a kira ta fitsararriya ya fi na namiji. Don haka idan shugaba ya ga ƙaramin ma'aikaci ya yi shiru, bai isa ya yanke cewa kansa babu komai ba. Yana iya zama halinsa ne, yana iya zama tarbiyyarsa ce, yana iya zama duka biyun sun haɗu.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Adalci ne a saurari masu ganin ba haka ba. Za su ce shugaba ba boka ba ne, ba zai san abin da ke cikin wanda bai faɗa ba. Za su ce akwai ayyukan da magana ce jarinsu, kamar gabatar da shiri a rediyo da tafinta a kotu da karɓar baƙi. Za su ce wasu suna fakewa da shiru ne don ɓoye lalaci ko rashin shiri, kuma ofishin da babu mai faran-faran a cikinsa babu mai haɗa kan mutane, babu mai fita ya nemo ciniki. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ce shiru alamar basira ba ce. Akwai mai shirun da babu komai a cikinsa, kamar yadda akwai mai maganar da kowace kalmarsa zinariya ce. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗauki mudun da ya dace da aiki guda a auna kowane aiki da shi. Kuma hujjar cewa shugaba ba boka ba ne, in an dube ta da kyau, nauyi take ɗora masa: tun da ba zai iya duba ba, ya zama wajibi ya tsara hanyar da za a faɗa masa.

Mafita

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A 2004 Jeff Bezos ya hana gabatar da shawara ta PowerPoint a tarukan manyan jami'an kamfanin Amazon, ya maye gurbinta da rubutaccen bayani, wanda ya zama mai shafi shida. Ana fara taron ne da kowa ya zauna shiru ya karanta, sannan a buɗe muhawara. Da wannan tsari, tunanin da aka rubuta shi ake fara aunawa kafin a ji muryar kowa. Kowace makaranta ko gidan rediyo ko ma'aikata za ta iya ɗaukar wani abu daga nan. A raba ajandar taro kwana ɗaya kafin zama. A ba kowa minti biyar ya rubuta tasa shawara kafin a fara magana. A zagaya teburin a ji ta bakin kowa, a fara da ƙanana kafin manya, domin da zarar oga ya faɗi tasa an rufe ƙofa. A bar damar aiko da ƙarin ra'ayi a rubuce bayan an tashi.

Wajen ɗaukar aiki kuwa, a gwada mutum da aikin da zai yi. Mai neman aikin fassara a ba shi shafi ya fassara, mai neman aikin edita a ba shi rubutu mai kurakurai ya tace, mai neman koyarwa a sa shi gaban aji. Wajen ƙarin girma a duba abin da aka rubuta na aikin shekara, kada a dogara da wanda aka fi tunawa. A kuma tanadi ɗaki ko awanni da babu mai damun wani.

Sai kai ɗan'uwana mai shiru-shiru, da ke 'yar'uwata. Kafin masu mudu su gyara mudunsu, kada mu zauna jira, domin idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ba a ce ka zama wani ba, amma ka sa aikinka inda za a gan shi. Kafin taro ka shirya batu ɗaya ka faɗe shi da wuri, tun kafin zance ya yi zafi. Idan an jefo maka tambaya, ba laifi ba ne ka ce a ba ka zuwa gobe ka kawo amsa a rubuce, in dai goben ka kawo. Ka riƙa ajiye lissafin abin da ka kammala, ka miƙa wa shugabanka a taƙaice lokaci-lokaci. Iya jawabi kuma abu ne da ake koyo kamar nahawu, kuma ajin da muke ciki yanzu shi ne wurin gwaji mafi sauƙi. Mu tuna cewa littafin da ya fi kowane yayata karin maganar nan ta magana jari ce, Abubakar Imam zama ya yi a Zariya a 1936 ya rubuta shi da alƙalami. Rubutu ma magana ce, kuma shi ne makamin da sashenmu yake wasa mana.

Kammalawa

A taƙaice, wuraren aiki na zamani sun gaji wani mudu da aka ƙera don ɗan talla, suka mayar da shi na kowa. Binciken da na ambata ya nuna cewa yawan magana yana sa a ɗauki mutum jagora, taron hayaniya yana rage yawan shawara, rushe bango yana rage hira, kuma ko a talla mai saurare yana da rabo. Ma'aikatar da ta yi biris da wannan tana biyan albashin mutane ne alhali ba ta cin moriyar rabin tunaninsu. Wasu daga cikinmu wata rana su ne za su zauna a kujerar shugaban makaranta ko edita ko darakta. Roƙona gare su shi ne, idan an zo ƙarshen taro, kafin a ce a tashi, su waiwayi wanda bai ce komai ba su tambaye shi abin da ya gani. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.